Wutsiyar Kaset

Abokansa Injiniya suke ce masa, alhali a ofishin ruwa yake aiki, sashen da ake zaman tebur daga safe har a tashi. Son da yake wa duk wani abu mai maɓalli ne ya jawo masa sunan. In sabuwar na'ura ta shigo gari sai ya je ya taɓa ta, ya karance takardar cikin kwalinta, ya dawo ya yi wa matarsa bayani tiryan-tiryan. Ita kuwa tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi, kuma ta saba jin bayanin nasa da kunne ɗaya, ɗayan yana kan ƙarar keke.

'Yarsu ɗaya ce. Bakinta ya riga ƙafarta buɗewa, har kakarta ta laƙaba mata Aku, sunan ya bi ta makaranta, ya bi iyayenta ma: Maman Aku, Baban Aku.

Tana rarrafe ya sayo kyamarar bidiyo mai ƙaramin kaset wanda bai cika tafin hannu ba. Shi ke ɗauka, ita ke adanawa. Duk kaset ɗin da ya cika sai ta rubuta masa suna a baya da biro, ta jera shi a durowar ƙasa ta ɗakinsu, ƙarƙashin zannuwan da ba ta cika ɗaurawa ba. Haƙorin farko yana ciki. Ranar da Aku ta yi wa kyanwar maƙwabta wanka yana ciki. Haka ranar da aka kai ta makaranta, sauran yara suna kuka ita tana ba malamar labarin gidansu. Ba kullum take kallonsu ba, sai dai in ta buɗe durowar ta gan su a jere, hankalinta kan kwanta.

Wata Asabar sun fita sayo wa Aku takalmin makaranta, sai ya karkata da su wani shagon kayan lantarki, wai minti kaɗan. Mai shagon, wani mai tumbi da tabarau a goshi, da ganin Injiniya ya san ciniki ya zo. Ya jera kyamarori huɗu a kan gilashin kanta.

"Wannan irin taku ce, mai kaset," in ji shi. "Ba na kushe ta, hotonta tas yake. Amma kaset ba ya wuce sa'a guda, kuma in kana neman wani wuri sai ka yi ta mayarwa baya kana jira. Masu yin ta ma sun fara janye jiki."

Ya ɗaga ta biyun. "Wannan mai faifai ce. Kana gamawa ka zare, ka sa a na'urar falo, kowa ya kalla. Illarta faifan ba ya ɗaukar abin kirki, kuma karcewa ɗaya ta isa ta sa hoto ya riƙa tsalle."

"Ta ukun fa?" Injiniya ya tambaya, duk da ya san amsar.

"Rumbu ne a cikinta, irin na kwamfuta. Za ka yi ta ɗauka har ka gaji bai cika ba. Sai dai ba ta son faɗuwa, ba ta son girgiza." Sannan ya zaro wani ɗan abu daga ta huɗun, bai fi farcen babban yatsa ba, ya ɗora a tafin Maman Aku. "Wannan shi ne zamani, Hajiya. Kati. Babu abin da ke juyawa a ciki balle ya lalace. In ya cika a juye a rumbun waje, a goge, a sake ɗauka."

Ta juya katin a hannunta. Ko wurin rubuta suna babu.

"In an juye an goge, to abin yana ina?"

"Yana rumbu mana," in ji mijinta.

"In rumbun ya samu matsala fa?"

Ya yi dariya yana kallon mai shagon, irin dariyar da namiji ke yi in yana neman wani namijin ya taya shi. "Ka ji mutanen da. Ita fa har yau ba ta yarda da abin da ba za ta iya sa wa a ƙarƙashin zani ba."

Mai shagon bai taya shi sosai ba. Ya ce, "Gaskiyarta, ranka ya daɗe. Rumbu biyu ake saye, abin da ke wannan ya kasance yana wancan."

"Ɗaya yanzu, ɗaya wata mai zuwa," in ji Injiniya.

Duk wannan Aku ba ta wurin. Ta gano kanta a talabijin ɗin da aka jera a bango, tana ɗaga wa kanta hannu tana karanta labarai. Suka fito da kyamara mai kati da ɗan baƙin rumbu kamar sandar sabulu. Takalmin sai wani satin aka saya.

Ya ɗauki hutun ƙarshen mako da dama yana juye kaset-kaset ɗin cikin rumbu ta kwamfutarsa. Da ya gama ya kira ta ya nuna mata. Gaskiya abin ya burge: danna nan ga Aku tana rarrafe, danna can ga ta da kayan makaranta, babu jira, babu mayarwa baya. Ta ce ya yi kyau, ta koma kan aikinta.

Sai da sanyi ya shigo ta buɗe durowar ƙasa za ta ɗauki zani mai kauri, ta tarar zannuwan sun kwanta lumus a kan katako.

"Baban Aku, ina kaset-kaset ɗina?"

"Na ba Dogo," ya ce, bai ɗago daga jarida ba. Dogo ƙaninsa ne, wanda ya gama makaranta ya rasa aiki, ya fara ɗaukar bidiyon bukukuwa. "Da tsohuwar kyamarar duka. Kin san sabon kaset ya yi wuyar samu, shi kuma yana buƙata. Ana ɗauka a kai sau nawa ma."

"A kan Aku zai ɗauka?"

"Aku tana rumbu. Me kike so da fanko?"

"Ka tambaye ni?"

Ya ninke jaridar. "Ni na sayi kyamara, ni na sayi kaset, ni na ɗauka. Ƙanena na taimaka wa, ba bare ba. Don Allah kar ki mayar da ƙaramin abu babba."

Ta yi kwana da kwanaki ba ta sake masa fuska ba, daga baya abin ya bi ruwa kamar sauran faɗan gida. Rumbu na biyun kuwa kullum wata mai zuwa ne. In ta tuna masa sai ya ce akwai wani sabon samfuri da ake jira, ya fi girma, ya fi sauri, ba wayo ba ne a sayi tsohon yayi.

Aku tana ajin ƙarshe na firamare zazzaɓi ya kama ta. Suka ɗauka irin wanda aka saba ne. Da ta fara riƙe kai tana cewa haske yana damunta aka kai ta asibiti, likitoci suka yi ta shiga da fita, kafin mako ya zagayo aka mayar musu da ita a rufe.

Mutane suka zo suka yi ta'aziyya suka watse. Gidan ya yi wani irin tsit mai shiga kunne. Hotuna suna nan a bango, amma hoto ba ya magana, ita kuwa Maman Aku muryar take nema. Ta lura da wani abu da ya tsorata ta: in ta rufe ido tana ganin fuskar sarai, amma in ta nemi yadda yarinyar ke jan "Mama" sai ta ji muryar tana zamewa, tana komawa ta kowane yaro.

Wata safiya ta ce, "Kunna min ita."

Ya tashi da sauri kamar wanda ya daɗe yana jiran a ba shi aiki. Ya ɗauko rumbun daga saman kabad, ya hure ƙura, ya jona. Fitilarsa ta kama. Sai ya fara ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Ya canza waya. Ya canza ramin jonawa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Zufa ta keto masa a goshi.

"Wayar ce," ya ce. "Bari in samo wata."

Ba wayar ba ce. Mai gyara na farko ya kara rumbun a kunne ya girgiza kai. Na biyu ya riƙe shi kwanaki, ya dawo da shi da bayani: allurar da ke karantawa ta sauka ta karce farantin ciki, abin da ke kai ya zama gari. Injiniya ya dawo gida ya zauna a gefen gado yana maimaita mata, har yana kwatanta farantin da hannu, yana zagaya yatsa a iska.

"Ban tambaye ka yadda ya lalace ba," ta ce.

"Akwai wani a babban gari da aka ce yana da ɗaki na musamman."

"Katin da ke cikin kyamara fa? Ranar ba da kyauta ta makarantarsu a kai ka ɗauka. Ta yi karatu a gaban mutane."

Ta juyo ta kalle shi.

"Na juye shi," ya ce a hankali. "An yi walimar sallamar shugabanmu, katin ya cika."

Ta karɓi kyamarar ta kunna da kanta. Maza ne cikin manyan riguna suna tafi, wani tsoho yana karɓar agogon bango, ana ta jawabi. Ta kalla har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba, yana zaune a gefenta. Sannan ta ajiye masa a cinya ta fita.

Daga ranar magana ta ragu a gidan zuwa ga abinci, an ɗauke wuta, zan fita. Ba ta zage shi ba, ba ta yi yaji ba. Shi ma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Dogo ne ya same ta a shago wata rana da hantsi. Da can in ya shigo da tsokana yake shigowa, yana ce mata matarmu, tana ce masa ya je ya yi aure ya bar cin tuwo a gidan yayansa. Ranar a bakin ƙofa ya tsaya, yana murza makullin babur.

"Anti, akwai maganar da nake ta juyawa. Ban gaya wa Yaya ba, kar in sa masa rai a banza. Kaset ba kamar kati ba ne. Zare ne dogo. Sabon ɗauka yana take tsohon ne iya inda ya tsaya. In taro ya ƙare zaren bai ƙare ba, abin da ke wutsiya yana nan yadda yake."

Ta ɗage ƙafa daga keke.

"Suna wurinka?"

"Suna kwali. Na koma mai kati ni ma, na daina amfani da su. Amma Anti, ni mai cika kaset ne, ba na barin wuri. Kar ki ɗora rai."

Ta rufe shagon ta bi shi. Wurin aikinsa wani lungu ne a bayan shagon mai hoto, tebur ɗaya, kujera ɗaya, wayoyi a ƙasa kamar saiwa. Ya jawo kwalin biskit daga ƙarƙashin tebur. Kaset-kaset ɗinta ne, ta gane su, sai dai an liƙa farar takarda a kan rubutunta an rubuta sunayen mutanen da ba ta sani ba. A wani ma ana hango ƙafar harafinta ta leƙo daga ƙarƙashi.

Ya nuna mata yadda ake turawa gaba, ya buɗe mata ɗan allon gefen kyamarar, ya ba ta kujerar ya fita.

Ta yi ta zuwa, kullum in rana ta take aiki ya yi sauƙi. Ta ga amaren da ba ta sani ba suna wucewa da gudu, ɗalibai suna jefa huluna sama, wani mai kuɗi yana yanka kirtanin sabon kanti. Duk farin cikin garin an zuba shi a kan 'yarta. Yawancinsu har ƙarshe Dogo ya cika, zaren ya tsaya da ƙarar ƙat. Wani kaset ya ba ta wutsiya, sai ga fankar silin ɗin falonsu tana juyawa, an manta kyamara a kunne. Wani ya nuna kyanwar maƙwabta a jiƙe tana lasar ƙafa, ana jin dariyar yarinya daga nesa, kafin dariyar ta matso zaren ya ƙare. Ta mayar da wannan baya ya fi a ƙirga.

Saura kaɗan kwalin ya ƙare ta sa wani mai sunan taron iyayen yara. Wani mutum yana godiya ga mahalarta, hoton ya yage, layuka suka gilma, sai ga falonsu da tsohon labule.

Aku ce, ba ta wuce shekara biyar ba. Ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta soke fensir a gashi, ta ɗaure fuska irin ta uwarta in kwastoma ta zo da ƙorafi.

"Malam, miƙo hannu," ta ce wa kyamara.

Hannun uban ya shigo hoton. Ta ɗora tef ɗin a juye, ta karanta lambar da ba ta iya ba.

"Kai, Malam, ka ƙara ƙiba. Yadin nan ba zai isa ba."

Dariyarsa ta cika 'yar lasifikar, hoton yana rawa. Maman Aku ta manta rabon da ta ji wannan dariyar.

"To tela, yaushe zan zo in karɓa?"

"Gobe. In ka zo gobe kuma in ce maka jibi." Sai ta saki fuskar telan, ta matso har hancinta ya cika allon. "Baba, kai zan fara ɗinka wa riga in na girma. Kafin Mama. Kar ka gaya mata."

"Ba zan gaya mata ba."

"Rantse."

Zaren ya ƙare.

Ba ta san Dogo ya dawo yana tsaye a bayanta ba sai da ta ji yana jan hanci. Ta mayar baya ta sake kallo, ta sake. Muryar ta dawo mata daram, da ɗan kaushin nan na ƙarshen kalma wanda ta kusa mantawa. Ta zare kaset ɗin ta ƙulle a gefen mayafi.

"Bari in kira Yaya," in ji Dogo, yana laluben waya.

"Kar ka kira shi."

"Anti, da shi take magana."

"Na ji."

"'Yarsa ce. Mutumin nan ba ya barci, kin fi ni sani. Ya rame."

"'Yarsa ce ya ɗauke ta a kwali ya ba ka ka shafe." Ba ta ɗaga murya ba. "Kai kuma ka ga rubutuna a jiki ka liƙa takarda a kai. Ban ce maka komai ba, kuma ba zan ce ba. Abin da nake so a wurinka ke nan, ka ara min kyamarar, ka kama bakinka."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ko kwafi ne a yi. Zare yana ci in ana yawan kunnawa, kuma in kyamarar nan ta tsaya ban san inda za a samu irinta ba."

"A juye a rumbu?" ta ce.

Ya naɗe mata wayar caji ya sa a leda.

Da ta koma gida ta tarar da mijinta a falo, bai kunna komai ba. Ashe ya ga Dogo ya ɗauke ta a babur ranar farko, ya haɗa lissafinsa, ya yi ta jira bai tambaya ba. Ya miƙe tsaye da ta shigo.

"An samu wani abu?"

Ta kalle shi. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, gemunsa ya fito fari-fari ba gyara. Ta san abin da ke gefen mayafinta zai sa shi kuka irin wanda bai samu ya yi ba, ta san bayan kukan zai iya cin abinci. Tausayinsa ya taso mata har wuya. Sai ta tuna dariyar da ya yi a shagon kyamara yana neman mai shago ya taya shi, tausayin ya koma inda ya fito.

"Fankar silin," ta ce. "Da kyanwa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya koma ya zauna.

A shago ta ajiye kyamarar, cikin durowar keke, bayan zarurruka. Ba kullum take kunnawa ba, tana tsoron zaren. In abin ya ci ta sai ta saki labule, ta kalla sau ɗaya, ta mayar baya, ta rufe. Dogo ya daina zuwa gidan sai da dalili, in ya zo ma ba ya haɗa ido da kowa, yayan nasa har yana ƙorafin yaron ya canza.

Bayan watanni Injiniya ya biyo ta shagon da sassafe, da ƙaramar jaka a kafaɗa da ambulan mai kauri a hannu. Ya samu hutu a ofis, zai kai rumbun babban gari wurin mai ɗaki na musamman. Maɓallin hannun rigarsa ya tsinke, ya ce ko za ta ɗan kama masa kafin mota ta cika. Ya zauna a bencin kwastomomi, gwiwarsa tana gogar durowar keken, ya miƙo hannu. Ta zare allura ta fara ɗinkawa a jikinsa.

"An ce ko farantin ya karce, wani lokaci suna ciro kaɗan," ya ce. "Ko minti ɗaya ne. Ni muryar kawai nake so in ji, Maman Aku. Ta fara ɓace min."

Allurar ta tsaya a cikin maɓallin. Ta ja zaren, ta ƙulla, ta sa haƙori ta yanke.

"Allah ya sa a dace," ta ce.

Ya ce amin, ya ɗauki ambulan ɗinsa ya fita. Ta bi shi da ido har ya tsallaka titi, sannan ta jawo rigar wata mata da ta yi alkawarin gamawa kafin azahar, ta daidaita ta a ƙarƙashin allura, ta taka keke.